Ciyawar Gindin Turken Hagu

Mijin yayata mai wanki ne. Duk unguwa Bula ake ce masa, saboda shuɗin bula ya zauna masa a gindin farce, ko da me ya cuɗa ba ya fita. Ni direban bas ne, ƙanen matarsa, don haka ina da izinin tsokanarsa, kuma ban taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Yau da zan ba da labarinsa kuwa, ban yi alkawarin raina ba zai ɓaci ba.

Tun yana saurayi shi ke wanke wa ƙungiyar ƙwallon garinmu kaya. Rigarmu shuɗiya ce, wando fari, kuma duk wanda ya zaɓa wa mutanen da aikinsu faɗuwa a ciyawa farin wando, na rantse bai taɓa riƙe sabulu ba. Washegarin kowane wasa za ka tarar da Bula tsugune gaban baho, yana dirzar koren tabo yana tsine wa ciyawa. "Maiƙo yana fita, jini yana fita," in ji shi, "amma wannan 'yar banzar sai ta cinye maka fatar hannu." A bayan gidan da suke haya akwai fili mai ɗan faɗi, igiyoyin shanya jere daga katanga zuwa katanga. Nan ya yi rayuwarsa, tsakanin famfo da teburin guga.

Ɗansu namiji guda ne, sauran mata. Yaron ya tashi cikin warin gumin 'yan wasa, ya girma ya zama golan ƙungiyar. Magoya baya suka sa masa Danƙo, don in ƙwallo ta taɓa hannunsa ta zauna ke nan. Yana da wata ɗabi'a. A ragar da yake atisaye yakan ajiye robar ruwansa a gindin turken hagu, in an tashi kuma sai ya juye abin da ya rage a wurin. Kowa ya san gaban raga ƙasa ce tsurara, ƙafar gola ta cinye ciyawar. Amma gindin wannan turken kullum shar yake, ɗan wuri mai faɗin tire, ko da sauran filin ya yi ja.

Wata safiya suna atisaye ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Bula ya karɓo robar ruwan da wandon da yaron ya faɗi da shi, da koren tabo a gwiwa, ya ninke ya ajiye. Shi ne kaya ɗaya tak da na san ya shiga gidan nan bai ga baho ba.

Ba a daɗe ba masu ƙungiya suka zo da maganar sabon filin wasa. Tsohon ya tsufa, gaskiya ce, benensa ya tsattsage, in ana ruwa gara ka tsaya a waje. Suka sayar da shi ga wani mai gina shaguna, suka nuna mana zanen sabon da za a yi a bayan gari. Har an je an kafa jajayen turaku a ƙasa, nan kusurwa, nan tsakiya, nan raga. Abu ɗaya ya rage, amincewar majalisar gari, kuma aka ce wannan ai kamar an gama ne. Mai shagunan ma ya yarda a ci gaba da wasa a tsohon fili har a gama sabo, muddin filin na nan da kyansa.

To amma mutanenmu ba su iya jiran usur ba. Shugaban magoya baya wani mahauci ne mai murya kamar lasifika, shi ya kawo shawarar. Wai a wasan ƙarshe na kakar nan kowa ya yanki ciyawa ya kai gida ya raine ta, ranar da za a shimfiɗa sabon fili kowa ya dawo da tasa, don kada ƙafar 'yan wasanmu ta taka baƙuwar ƙasa. Ana busa tashi suka afka fili, mai wuƙa, mai shebur, mai cokalin magina. Manyan mutane da furfura suna kuka suna haƙa. Ni dai abin da na sani, ranar bas ɗina ta cika da ƙasa, na yi ta masifa ba mai saurarona.

Bula bai yi gudu ba. Ya taka a hankali zuwa waccan ragar, ya durƙusa a gindin turken hagu, ya yanko ɗan koren nan da saiwarsa, ya ɗora a tiren da yake kai wa mutane guga. A hanya na ga yana kare ta daga rana da hularsa.

"Mijin Yaya," na ce, "yau kuma kai da abokiyar gabarka ne a kujera ɗaya?"

"Ja motarka, Direba," ya ce. "Aro na ɗauko. Zan mayar wa yarona."

Masu duba filaye suka zo suka tarar da wuri kamar an yi noman rani, suka ce ba za a ƙara wasa a nan ba. Mai shaguna ko abin nema ya samu, ya kawo katafila. Haka ƙungiyarmu ta wayi gari ba tsoho ba sabo, ta koma yin wasan gida a filin aro na wani gari. Ni ke kai magoya baya, kuma ina gani da idona yadda kujerun bas suka riƙa yin saura.

Sai aka shiga jiran majalisa. Duk ranar da aka sa maganar fili, magoya baya za su sa shuɗiyar riga su cika bencinan baya na zauren. Bula ke goge musu rigunan kyauta, wai kada kansiloli su ɗauka 'yan zaman banza ne. Zauren na da wata fanka mai ƙara, a ƙarƙashinta muke zama muna kallon kansiloli suna buɗe ruwan roba suna rufewa. Yau a ce hanyar wurin ta yi ƙunci. In an dawo a ce ba a ga inda ruwan sama zai bi ba. Can mutanen gidajen kusa su kawo ƙorafin hayaniya. Ana cikin haka aka yi zaɓe, sababbin kansiloli suka zo suka ce su ba su san zancen ba, a faro daga farko. Kalmar da na fi tsana a duniya a zauren nan na koye ta: an ɗage zama.

Shekaru suka yi ta tafiya, ciyawar mutane ta yi ta mutuwa a bokitai da gwangwanayen fenti. Wanda tasa ke da sauran numfashi sai ya kawo wa Bula, don labari ya bazu cewa tasa ta kama har tana yaɗo. Bai taɓa cewa a'a ba. Ya kwance igiyar shanya ɗaya ya ba ciyawa wuri, daga baya ya kwance ta biyu. Ya san ta kowa ba tare da wata alama ba. Zai nuna maka ya ce wannan ta tela ce, Allah ya jiƙansa, waccan ta malamin makaranta ce da ya bar gari. Ta ɗansa tana can lungu ita kaɗai, ya kafa mata sandar tsintsiya a gefe a madadin turke, kuma ba ya shayar da ita sai da robar yaron.

Ruwan sabulu yana kashe ciyawa, don haka mutumin da ya saba juye baho a inda yake tsugune ya koma ɗaukarsa bokiti bokiti zuwa kwatar bakin titi. A nan ya bar ƙugunsa. Ga shi lokacin ruwa ya fara wuya a gari, famfo sai ya ga dama yake zuwa. In ya zo, ciyawa ce ke fara sha, kayan mutane su samu saura. Fararen kaya suka fara fitowa da duhu-duhu, wurin shanya ya ragu, guga na makara. Masu kawo wanki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba gaba. Ƙungiyar da ya yi wa bauta tun yana saurayi ma ta samu mai injin wanki a can garin aro, ko sallama ba a yi masa ba. Wannan ya ƙona mini rai fiye da yadda ya ƙona masa.

Yaya ta yi haƙuri har haƙuri ya gaji da ita. Babbar 'yarsu tana aure a wani birni, ta gyara musu ɗaki, kullum tana waya su taho su huta. Wata rana na shigo na tarar da Yaya tsaye a bakin ciyawar, hannu a ƙugu.

"Malam, dubi ƙafarka yadda ta kumbura. Dubi tukunyata. Mutane suna kiwon kaji su ci ƙwai, kai kana kiwon abin da ko akuya ba ka bari ta ci."

"Ki ƙara haƙuri. Zama mai zuwa za su sa hannu."

"Tun yaushe nake jin zama mai zuwa? Ni ma fa na haife shi. Ba a ciyawa yake ba, Malam, ka san inda muka kai shi."

Bula ya yi ta murza bakin robar. Can ya ce, "Na sani. Amma daga gindin turkensa na cire ta. In na mayar da ita gindin turke, ko ranar ce, ki ɗaure kaya mu tafi."

Don in raba su na ce, "Mijin Yaya, ka bari in kawo tunkiya ta yi maka aski kyauta." Ya ce in fara samo wa motata batir tukuna, ya gaji da ganin fasinja suna turi. Yaya ba ta yi dariya ba, ta shige ɗaki.

Ranar da abin ya zo, ba wanda ya zaci zai zo. Mun ragu sosai, bencina biyu ma ba mu cika ba, sai dai mahauci ya zo da ganga kamar kullum. Shugaban majalisa ya gyara tabarau ya ce, "Majalisa ta amince da ginin filin wasa, bisa sharuɗɗa kamar haka." Iyakar abin da kowa ya ji ke nan. Ganga ta tashi, aka hau benci, aka rungume juna, wani ya faɗi yana kuka. Ina hango magatakarda yana karanta sharuɗɗan, bakinsa na motsi, ba a jin ko kalma. Na faɗa maka mutanenmu ba su iya jiran usur ba.

A matakalar waje Bula ya tari injiniyan aikin, wani matashi mai ladabi, ya cire hula ya gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, yaushe za mu kawo ciyawar?"

"Wace ciyawa, Baba?"

Bula ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Injiniya ya saurara har ƙarshe, na ga fuskarsa ta sauya.

"Baba, ba ku ji sharaɗin ba? Saboda ƙarancin ruwa majalisa ta hana ciyawa mai rai. Kankare za a zuba, a shimfiɗa ta roba a kai."

"Ko faɗin tafin hannu? A gindin turke kawai. Ni zan riƙa kawo ruwan daga gida."

"Ba ƙasa a wurin gaba ɗaya, Baba. Ka yi haƙuri."

Mahauci da ke bayanmu, gumi na zuba, ya daki kafaɗar Bula ya ce, "To ai ka huta! Roba ba ta tabo, ba sauran dirza!" Mutumin da ya kawo shawarar tun farko ke nan, wanda tasa ciyawar ta mutu tun makon farko a bayan rumfar nama. Ba don an riƙe ni ba, da ranar ya kwana da ganga a wuya.

Na mayar da Bula gida. Ya aika wa masu ciyawa kowa ya zo ya ɗauki tasa. Mutum biyu ko uku suka leƙo, suka ce ya yi yadda ya ga dama da ita. Ya mayar da igiyoyinsa, ya ci gaba da juye baho a inda yake tsugune kamar da. Cikin ɗan lokaci filin ya koma ja, ban da lungun nan.

Wata safiya kafin a fara aikin ginin ya ce in kai shi wurin da za a yi sabon filin. Ya fito da tire, ciyawar a kai, sai ga Yaya a bayansa da mayafi, riƙe da robar ruwan. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta dube ni ba. Muka tarar da jajayen turakun nan sun koɗe, ciyayi sun rufe wasu. Bula ya nemo na raga, na hagu, kusa da wani dogon turken lantarki na siminti. Ya durƙusa da ƙyar, ya haƙa, ya zaunar da ita, ya danna gefe da gefe da tafin hannu yadda yake lallaɓa kwalar riga. Yaya ta buɗe robar ta juye duka. Sai da ruwan ya ƙare sannan kuka ya ƙwace mata, irin wanda ban ji ta yi ba ko ranar rasuwar.

"Za su zuba mata kankare, Malam," ta ce.

"Su zuba. Ko an binne ta, a gindin turkensa take. Ya ishe ni."

Yaya ta ɗaure kaya ta tafi wurin 'yarta. Shi ya ce zai biyo ta, ya dai tsaya ya ga ranar buɗewa, ya zauna bayan ragar nan sau ɗaya ya kalli turken. Ta yarda, don ta ga kamar an sauke masa kaya. Ni ma na ga haka, har ya fara ƙiba kaɗan.

Hanyar da nake bi da fasinja ta gaban wurin take wucewa, don haka ginin a idona ya tashi. Tun ana kafa ginshiƙai na ga abin bai yi mini daidai ba. Ginin yana can ciki, turken lantarkin kuwa yana nan waje shi kaɗai. Na tsaya na tambayi maigadi. Ya ce ai yana cikin sharuɗɗan, majalisa ta ce a ja ginin baya don a faɗaɗa hanya a fitar da magudanar ruwa, gaban kuma, inda muka dasa ciyawar, a yi wurin ajiye motoci. An karanta a zaure, ya ce, kowa ya ji. Na koma mota na zauna, fasinja suna ta yi mini magana, na rasa ma ina giya take. Daga nan na bi magoya baya ɗaya ɗaya, na ce duk wanda ya kai wa Bula wannan zance, ni da shi ne.

Ranar buɗewa ya sha guga, shuɗiyar riga har tana ƙyalli, tikiti a aljihun gaba, robar ruwa a hannu. Ya kuma ɗauko 'yar kujerarsa ta ninkewa, na ce masa ai akwai kujeru a ciki, ya dai saka ta a mota. Na yi niyyar zagayawa da shi ta ƙofar baya don kada ya ga komai. Muna isowa bakin kwalta ya ce, "Tsaya nan, Direba."

"Nan ba ƙofarmu ba ce, Mijin Yaya."

"Na ce ka tsaya."

Ya sauka yana jan ƙafa, ya ratsa tsakanin motoci har gindin turken lantarki. Ya ɗan matsa gefe, ya tsaya cikin wani gurbin mota da aka zana da farin fenti. Ya buɗe kujera ya zauna. Na biyo shi.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Kana tsammanin ban taɓa zuwa dubawa ba? Turken lantarki ba ya tafiya." Ya ɗaga kai ya dube ni. "Na ga kana ta wahalar ɓoyewa, na ce bari in ƙyale ka."

"To taso mu shiga. Shekara nawa kana jiran ranar nan?"

"Me zan kalla a ciki? Tana nan."

Na yi masifa, na yi lallashi, na ce zan kira Yaya. Ya zaro tikitin ya miƙa mini ya ce in ba wani. Cikin filin ya ɗauki ihu, an fito da 'yan wasa, ganga na tashi, ƙasa har tana rawa. Ban shiga ba ni ma. Na zauna a kan kwalta kusa da shi, baƙin ciki ya cika mini ciki, ina jin haushin majalisa, da mahauci, da shi kansa Bula.

Har yau bai taka cikin filin nan ba, kuma bai tafi wurin Yaya ba. In ta yi waya sai ya ce bari kakar nan ta ƙare, in ta ƙare ya ce bari a ga farkon mai zuwa. Ta daina tambaya, sai dai ta ce in tabbatar yana shan maganin ƙafarsa. Masu kula da motoci sun san shi, suna sa masa dutse a gurbin don kada wani ya shiga. Ranar da wani mai babbar mota ya ɗauke dutsen, sai da aka raba ni da mutumin.

Duk ranar wasa ni ke kawo shi. Yana zaune yana bin wasan da kunne, daga ihun mutane yake gane an ci mu ko mun ci. In ya ji usur ɗin tashi sai ya buɗe robar, ya kurɓa kaɗan, ya juye sauran a kan kwalta. Kafin mutane su gama fitowa ruwan ya bushe, shi kuma ya ninke kujerarsa ya hau bas.